Tunawa da Alhaji Abubakar Imam, Malamin Makarantar Midil ta Katsina

A kwanakin baya ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina sai na ci karo da ta wani yaro da ya cika shafi huɗu da Hausa, amma ko sau ɗaya bai sa wa harafi ƙugiya ba, ya rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya, ɗaki da daki iri ɗaya. Na ajiye biro na yi tagumi. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne malaminmu na Hausa a makarantar sakandare ta kwana da na yi a farkon shekarun 1990, da kuma mutumin da wannan malami ya sanar da mu, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam.

A makarantar tamu yin Hausa laifi ne. Monita na da littafin da yake rubuta sunan duk wanda ya ji ya yi magana da harshen uwarsa, ranar Asabar kuma a kira sunaye a raba mana lauje mu je yankan ciyawa. Ni kaina na yanki ciyawar nan ba sau ɗaya ba. Minti arba'in na darasin Hausa ne kaɗai muke da 'yanci. Malamin dattijo ne, a keke yake zuwa, kuma sauran malamai ba su ɗauke shi da wani muhimmanci ba. Yakan shigo da tsohon Magana Jari Ce wanda bangonsa ya sha ɗinki, ya sa ɗayanmu ya karanta a bayyane, in ka haɗiye harafi ko ka ja wasalin da ba a ja, ya tsayar da kai ka sake. Wata rana ya tambaye mu ko mun san sana'ar marubucin littafin. Wasu suka ce ɗan jarida, wasu suka ce bafade. Ya yi murmushi ya shaida mana cewa malamin makaranta ne kamarsa, kuma Turanci yake koyarwa. Ajin ya yi tsit, domin mu a lokacin mun ɗauka Hausa da Turanci kishiyoyi ne da ba su zama a tukunya ɗaya.

An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, wadda yanzu take cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman masanin addini ne, don haka da allo da tawada ya fara, ya sha Larabci tun kafin ya san boko. Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, malami ne a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Wannan kwaleji ce ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce kuma ake kira Kwalejin Barewa a yau. Imam ya shige ta a 1927 ya fita a 1932, wato ya yi zamani a cikinta da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa makarantar da ta yaye Firimiyan Arewa da Firayim Ministan Nijeriya an kafa ta ne don ta samar da malaman aji, kuma dukansu sun riƙe alli kafin su riƙe mulki.

Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Yana nan a 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, domin yaran da aka koya wa karatu ba su da abin karantawa. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Imam na da shekara 22 a lokacin. Saurayi ne da yake wuni yana koya wa yara harshen Ingila, ya zo ya zauna ya ƙaga Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, mutum biyu da har gobe duk wanda ya yi karatun Hausa yake tunawa da ƙetar da suke yi wa juna.

East ya ga hazaƙar yaron, ya nemi a ba shi aronsa. A 1936 Imam ya je Zariya ya yi wajen wata shida yana aikin da ya zama Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai sama da 80. An tara masa littattafan Larabawa da na Turawa da na Indiya, ya karanta, ya zaɓa, ya sake gina labaran a kan ƙasar Hausa. Wasu masu nazari sun sha nuna cewa yawancin labaran aro ne, daga Dare Dubu da Ɗaya ko daga tatsuniyoyin Jamus da makamantansu. Gaskiya ne, kuma ba a taɓa ɓoye haka ba. Amma a matsayina na wanda ya yi digiri na uku a kimiyyar harshe, abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda babu ƙamshin fassara a jimlolinsa. Mutumin da ya san Larabci ya san Turanci, sai ga shi yana rubuta Hausar da tsohuwa a ƙauye za ta saurara ba ta tambayi ma'anar ko kalma ɗaya ba. Wannan aikin wanda ya saba tsayawa gaban yara ne, yana kallon fuskokinsu yana gane lokacin da suka ɓace.

Ko ginin littafin ma na malami ne. A na farko aku ne yake riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri. A na uku kuwa akun ya zama waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari, yana yi masa tambayoyi, yana gyara masa kuskure. Duk wanda ya taɓa koyarwa zai gane aji ne Imam ya kwashe ya zuba a cikin littafi.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa, kuma ya riƙe ta shekara goma sha biyu. Yaƙin Duniya na Biyu na gab da ɓarkewa, jita-jita ta cika kasuwanni cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus, jaridar ta zo don ta faɗi abin da ake ciki. A nan ajinsa ya faɗaɗa ya zama Arewa baki ɗaya. Shi da abokan aikinsa ne suka riƙa lalubo yadda za a faɗi sababbin al'amuran yaƙi da mulki da kiwon lafiya da Hausa, kuma a wannan zamani ne ƙa'idar rubutu mai haruffa masu ƙugiya ta zauna da gindinta. Ƙugiyar da ɗalibina ya yar, mutane ne suka yi gumi kafin ta tabbata.

A 1943 ya je Ingila cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon gwamna, ya bayyana masa baki da baki da kuma a rubuce irin matsalolin da ke damun Arewa a ƙarƙashin mulkin En'e, da yadda ake wofintar da matasan da suka yi ilimi. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilimi. Yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar da ta zama Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya halarci babban taron tsarin mulki na Ibadan a 1950, aka zaɓe shi ɗan majalisa a 1951. Siyasa ba ta riƙe shi ba. Ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, daga baya ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa har ya shugabance ta. Masu ra'ayin sauyi na zamaninsa sun ga kamar ya cika lallaɓa Turawa da sarakuna, kuma suna da hujjarsu. Ni dai abin da na gani shi ne halin malami, wanda ya fi yarda da gyara ta hanyar bayani da nanatawa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968. Ya rasu ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70.

To, jama'a, mu dubi kanmu. Mutumin da ya fi kowa tasiri a rubutun Hausa na boko malamin Turanci ne, kuma iya Hausarsa bai rage masa Turanci ba, ya tsaya gaban Lugga ya yi magana ba tafinta. Mu kuwa mun yi shekaru muna ba yara lauje saboda sun yi harshen iyayensu, sakamakon shi ne yaran da Turancin bai zauna ba, Hausar kuma ta kuɓuce, an yi biyu babu. Sa'annan sana'ar da ta fitar da Imam da Sardauna da Ɓalewa mun mayar da ita wurin fakewar wanda ya rasa abin yi. Yau in yaro mai ƙoƙari ya ce zai shiga kwalejin ilimi, iyayensa ne za su fara yi masa jaje. Idan muna son wani Imam, sai mun mayar da masu hazaƙa aji, mun biya su a kan lokaci, mun kuma sa littafin Hausa a hannun yaro tun yana firamare.

Ban taɓa ganin Abubakar Imam ba, ina goye ya bar duniya. Ta hannun dattijon nan mai keke na same shi, shi kuma ban taɓa komawa na gode masa ba, sai labarin rasuwarsa na ji bayan an yi sadakar arba'in. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Shawarata ga mai karatu ita ce, in malaminka na sakandare yana raye, ka neme shi ka gaishe shi tun kafin a ba ka labari. Takardar ɗalibin nan kuwa na mayar masa, na haɗa masa da Magana Jari Ce na ɗaya, na ce ya karanta a bayyane ya dawo mu zauna.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.