C. S. Lewis: Mutumin da Ya Ce Babu Allah

Karatu: Romawa 2:12-16

Wani saurayi a kasuwar Adum, nan Kumasi, ya gaya mini shi ba ya ba da gaskiya ga kome, hankali kaɗai yake bi. Maganarsa ta tuna mini da C. S. Lewis.

An haifi Lewis a Belfast a 1898. Yana ɗan shekara 9 ciwon daji ya kama mahaifiyarsa. Ya yi addu'a ta warke, amma ta rasu a 1908. Kafin ya kai shekara 20 ya riga ya yanke cewa babu Allah. Ya je Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ji rauni a Faransa a 1918. Abin da ya gani a can ya ƙara taurare zuciyarsa.

Babbar hujjarsa ita ce, duniya cike take da zalunci. Amma lokacin da yake koyarwa a Jami'ar Oxford, wata tambaya ta hana shi sakat. Idan babu Allah, idan kome haɗari ne kawai, ina ya samo ma'aunin da yake kiran wani abu zalunci da shi? Sai ya gane cewa shi ma yana da abin da ya dogara a kai ba tare da ya gani ba. Bai taɓa tabbatar da cewa babu Allah ba, yarda ya yi. Ashe rashin bangaskiyarsa ma wata irin bangaskiya ce, sai dai ba ta da amsa ga kukan zuciyarsa.

Abokinsa J. R. R. Tolkien bai rena shi ba, ya yi ta zama da shi suna tattaunawa. A 1931 Lewis ya karɓi Yesu Kiristi. Daga 1941 zuwa 1944 ya yi ta bayyana bangaskiyar Kirista a rediyon BBC, aka tattara jawaban cikin littafin Mere Christianity a 1952. Ya rasu a 1963.

Ɗan'uwa, kowa yana da abin da ya jingina ransa a kai. Naka fa, zai iya ɗaukar nauyinka ranar wahala? In kuma kana da maƙwabci mai shakka, kada ka zage shi. Ka saurare shi, ka zama abokinsa.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu haƙuri da masu shakka, ka kafa bangaskiyarmu a kanka. Amin.