Igor Sikorski: Ɗan gudun hijirar da ya koya wa jirgi saukar ungulu

Mu mazauna Wagadugu ƙarar jirgin sama ba baƙuwarmu ba ce, musamman mu 'yan Zango, tunda filin jirgin yana cikin gari ne, kusa da inda tsohuwar unguwarmu take. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ya fitar da fasalin jirgi mai saukar ungulu kamar yadda muke ganinsa a yau, wato babbar farfela a sama da 'yar ƙarama a wutsiya. Wannan mutum shi ne Igor Sikorski, kuma tarihinsa muka kawo wa mai karatu a yau.

An haife shi ne ranar 25 ga Mayu, 1889 a birnin Kiyef na ƙasar Yukren, wanda a wancan lokaci yake ƙarƙashin daular Rasha. Shi ne auta a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa farfesa ne a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, mahaifiyarsa kuwa ta yi karatun likita, kuma ita ce ta riƙa ba shi labarin zane-zanen na'urorin tashi na Leonardo da Vinci. Yana ɗan shekara 12 ya haɗa ɗan ƙaramin jirgi na wasa mai tashi da ƙarfin roba.

A 1903 ya shiga makarantar sojan ruwa, amma bayan shekara uku ya bar ta, domin hankalinsa na kan aikin injiniya. A 1909 yayarsa Olga ta tallafa masa da kuɗi ya tafi Faris ya sayo inji, ya dawo gida ya ƙera jirgi mai saukar ungulu. Jirgin bai tashi ba. Na biyu da ya yi a 1910 ya iya ɗaga kansa, amma ya kasa ɗaukar matuƙi. Da ya ga injinan zamanin ba su da ƙarfin da ake buƙata, sai ya jingine wannan buri ya koma kan jirage masu fukafukai. A nan ya yi suna, domin a 1913 ya tashi da jirgi mai inji huɗu na farko a duniya, yana da shekara 24 kacal.

Juyin juya halin Rasha na 1917 ya raba shi da duk abin da ya tara. Ya bar ƙasar ya bi ta Faransa, ya isa Amurka a 1919 ba shi da abin kirki a hannu. Mutumin da ya ƙera wa daula manyan jirage sai ga shi yana koyar da 'yan uwansa 'yan gudun hijira lissafi don ya sami na abinci. A 1923 ya kafa kamfaninsa a wata gonar kaji kusa da birnin Niu Yok, inda shi da abokansa suka riƙa tsinto ƙarafa daga wajen 'yan gwangwan. Shahararren mawaƙin fiyano ɗan Rasha, Rachmaninoff, ya agaza masa da dala 5,000. Daga baya kamfanin ya yi fice wajen ƙera jiragen fasinja masu sauka a kan ruwa.

Sai bayan shekara 30 da gwajinsa na farko ya koma kan burin ƙuruciyarsa. Ba shi ne ya fara tashi da irin wannan jirgi ba, domin Jamusawa sun riga shi tun 1936. Abin da ya kawo shi ne mafita mai sauƙi ga wata tsohuwar matsala: idan babbar farfela na juyawa ta gefe guda, gangar jirgin kan so ta juya ta ɗaya gefen. Sai ya ɗora ƙaramar farfela a wutsiya tana tokare wannan juyi, kuma da ita matuƙi ke karkata hancin jirgin. Ranar 14 ga Satumba, 1939, shi da kansa, yana da shekara 50, ya hau jirgin nan mai suna VS-300, wanda a lokacin bai wuce bututun ƙarfe da aka yi wa walda ba, ya ɗan ɗaga daga ƙasa ana riƙe da shi da igiyoyi. A Mayun 1940 ya tashi ba igiya, a Mayun 1941 kuma ya kafa tarihi da shafe fiye da awa ɗaya da rabi a sama.

Daga wannan jirgi aka samo R-4, wanda shi ne na farko da aka ƙera da yawa. A Afrilun 1944 irinsa ne ya kwaso wasu sojoji daga dajin Bama, fagen da dubban sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa, suka yi yaƙi. Ceton rai shi ne abin da Sikorski ya fi alfahari da shi game da ƙirar tasa. Mu ma nan Burkina Faso mun ga amfaninta, domin lokacin da aka toshe hanyoyin shiga Jibo a 2022, da irin waɗannan jirage aka riƙa kai wa mutanen garin abinci. Ya yi ritaya a 1957, ya kuma rasu ranar 26 ga Oktoba, 1972 yana da shekara 83.

Akwai wani abu da ya yi wanda ba a cika ambata ba. A 1943, da jirgin VS-300 ya gama aikinsa na gwaji, bai bari an wargaza shi an sayar da ƙarafan ba. An miƙa shi ga gidan adana kayan tarihi na Henry Ford da ke Dearborn a jihar Mishigan, kuma yana nan har yau. Duk ɗalibin da ya ziyarci wurin zai ga da idonsa cewa wannan babbar masana'anta daga ɗan ƙaramin abu ta faro. A Ingila ma akwai gida guda na tsofaffin jirage masu saukar ungulu zalla a garin Weston-super-Mare, inda masu aikin sa kai ke kankare tsatsa suna gyara su.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babur, kusan yadda Sikorski ya faro a gonar kaji. Irin wannan aiki, da tsofaffin jiragen da sojojin ƙasashenmu suka daina amfani da su, sun cancanci rumfa da mai kula. Mu da muka ga an rushe tsohon Zango a 2003 don sake fasalin tsakiyar birni mun san cewa abin da ba a ajiye ba sai dai a ba da labarinsa. Muna kira ga hukumomin al'adu da rundunonin sojan sama da su ware ko da jirgi ɗaya ne, su gyara shi, su buɗe wa 'yan makaranta ƙofa su gani su taɓa.