Joj Sitifinsan, Makiyayin da Ya Ƙera Jirgin Ƙasa

Ƴan'uwa, a nan Dakoro ba mu da jirgin ƙasa. Amma dattawan da suka je cin rani Kano ko Ƙauran Namoda sun gan shi yana tafe yana hayaƙi. Yau ga labarin ɗaya daga cikin mutanen da suka fara ƙera shi.

An haifi Joj Sitifinsan ranar 9 ga watan Yuni 1781, a ƙauyen Wailam, arewacin Ingila. Ubansa talaka ne. Aikinsa hura wutar injin da ke janye ruwa daga ramin kwal, wato gawayin ƙasa. Uwa da uba, babu wanda ya iya karatu. Joj bai shiga lekol ba. Kiwon shanu ya fara yi, sannan ya bi ubansa wurin inji.

Har ya kai shekara 18 bai iya rubuta sunansa ba. Abin ya dame shi. Sai ya riƙa cire kuɗi daga ɗan albashinsa yana biyan makarantar dare. Da rana aiki, da dare karatu da lissafi. Yana kuma gyaran takalma da agogo don ya ƙara samu.

Ya yi aure, ya samu ɗa, Robat, a 1803. Matarsa ta rasu a 1806. Duk da wahala, ya sa yaron makaranta. In yaro ya dawo gida, sai su zauna tare su maimaita darasi. Uba bai ji kunyar koyo wurin ɗansa ba.

Yaya kan jirgi mai tururi yake aiki? Kamar tukunya ce bisa murhu. A hura wuta da kwal, ruwa ya tafasa, ƙarfin tururi ya juya ƙafafu. Wani mutum, Tirebitik, ya riga shi ƙera irin wannan a 1804. Joj ya ƙera nasa na farko a 1814, ya ja tan 30 na kwal. A 1825 jirginsa ya ɗauki kaya da mutane a hanyar Sitokton da Dalinton.

A 1829 aka yi gasa don zaɓen jirgin da zai bi sabuwar hanyar Libaful zuwa Mancesta. Joj da ɗansa suka kawo nasu, mai suna Roket. Wasu suka kawo Nobalti. Roket yana jan amalanke a bayansa, da ruwa da abin hura wuta a ciki. Shi kuwa Nobalti a jikinsa yake ɗauke da tankin ruwansa, kamar jaki da jarkoki. Iri biyu ke nan na jirgin tururi. Masu ƙera ƙananan jirage na kwaikwayo, kamar yadda yaranmu ke yin mota da kara, da wannan suke fara bambanta su. Sannan su ƙirga ƙafafu.

Nobalti ya lalace ana cikin gasa. Roket ya gama lafiya, ya ci kyautar fam 500. Aka buɗe hanyar a 1830.

Joj ya mutu ranar 12 ga watan Agusta 1848, yana da shekara 67. Aikinsa bai mutu ba. Jirgi ya iso Kano a 1911, har ya riƙa kwasar gyaɗar ƙasar Maraɗi zuwa Legas. Faɗin da Joj ya bari tsakanin ƙarafan dogo, milimita 1435, shi ne aka fi bi a duniya. Da shi aka tsara hanyar Kano, Katsina, Jibiya zuwa Maraɗi, wadda aka aza tubalinta a 2021.

To, ɗan'uwa, in ka gaji da aikin gona ko kiwo, kana jin girma ya hana ka zuwa aji, tuna da wannan makiyayi. Gemu ba ya hana ilimi.