Wallace Sabine: Malamin da ya auna amon zaure da matasan kujera

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a babban zauren taro a Abuja, ko a masallaci mai tayil da rufin kwano a unguwar Malam Inna ta Gombe, ya san yadda jawabi ke narkewa cikin amsa-kuwwa har a watse ba a tsinci komai ba. Wanda ya fara yi wa wannan matsala lissafi shi ne Wallace Clement Sabine.

An haife shi a jihar Ohio ta Amurka a 1868, ya kuma koyar da kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard. A 1895 aka ɗora masa gyaran sabon zauren lacca na gidan adana zane-zane na Fogg, inda kalma ɗaya kan wuce daƙiƙa 5 tana kai-komo, ta haɗiye wadda ke biye da ita.

Sai dare ya tsala, gari ya yi tsit, shi da mataimakansa ke kwaso matasan kujeru daga zauren Sanders su shimfiɗa. Yakan busa sauti, ya riƙe agogo, ya kasa kunne har amon ya mutu. Bayan kusan shekara 3 ya tabbatar cewa daɗewar amo tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abin da ke shanye sauti, kamar labule, darduma da jikin mahalarta.

Wannan ilimi ne ya jagoranci ginin zauren kiɗa na birnin Boston, wanda aka buɗe a 1900. An yi shi da bulo, ƙarfe da filasta mai nauyi; siririn katako yakan tsotse sauti mai kauri, ya bar kiɗa a bushe, alhali bango mai nauyi yana mayar da shi cike da zaƙi. Amo a can yakan ɗauki kusan daƙiƙa 2. Da farko wasu masu sharhi sun kushe zauren, amma yau ana lissafa shi cikin mafiya kyawun sauti a duniya.

Sabine ya rasu a 1919 yana da shekara 50, bai taɓa yin digirin digirgir ba. Ma'aunin shanye sauti har gobe sunansa yake amsawa. Ga mai sa hannu a kwangilar zaure, darasinsa a fili yake: tun wurin zaɓen kayan gini ake yanke ko za a ji magana, ba ranar sayen lasifika ba.