Bernhard Tollens

Bernhard Christian Gottfried Tollens (30 ga Yuli, 1841 – 31 ga Janairu, 1918) masanin ilimin sinadarai ne ɗan ƙasar Jamus. An fi saninsa da gwajin madubin azurfa, wanda har yau ɗaliban kimiyya ke bambanta aldihaid da kiton da shi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Hamburg. Ya fara da koyon haɗa magunguna, sannan a shekarar 1862 ya shiga Jami'ar Göttingen, inda ya samu digirin digirgir a 1864 a hannun Rudolph Fittig. Ya yi aiki a Heidelberg da Faris da Coimbra ta ƙasar Fotugal kafin ya koma Göttingen. A 1873 ya zama farfesa a fannin sinadaran noma.

Gwajin madubin azurfa

Aldihaid da kiton 'yan gida ɗaya ne, kowanne yana da kabon mai ɗauri biyu da oksijin. Amma a aldihaid akwai haidurojin a jikin wannan kabon, shi ya sa yake saurin karɓar ƙarin oksijin ya koma asid. Kiton kuwa ba shi da wannan haidurojin.

Tun a 1835 Justus von Liebig ya lura cewa aldihaid yana fito da azurfa daga ruwan gishirinta. Tollens ya kyautata hanyar a 1882: ya haɗa naitiret ɗin azurfa da amoniya, ya ƙara soda mai ƙuna, sai gwajin ya fi saurin kamawa. Idan aka ɗiga aldihaid a ciki aka ɗumama kwalbar, azurfa za ta lulluɓe gilashin kamar madubi. Da kiton irin asiton, ruwan yana nan garau.

Gwajin yana iya ruɗar ɗalibi. Furuktos, sukarin da ke cikin zuma, daga dangin kiton yake, amma yana ba da madubi, domin soda tana juya shi zuwa sukari mai aldihaid. Akwai kuma haɗari: ba a ajiye ruwan Tollens, saboda idan ya daɗe yana haifar da wani sinadarin azurfa mai fashewa. Ana haɗa shi a lokacin buƙata, a lalata ragowar da asid mai rauni nan take.

Bincike kan sukari

Yawancin aikinsa kan sukari ne da sinadaran tsirrai. A 1883 ya kawo ra'ayin cewa ƙwayar gulukos zobe ce, kuma a 1888 ya wallafa littafi kan kabohaidiret.

Mutuwa

Ya rasu a Göttingen yana da shekara 76.