Tarihin José Alfredo Jiménez, mawaƙin cin amana na ƙasar Meksiko

Fiye da shekaru 50 bayan mutuwarsa, har yanzu da wuya a yi taron biki a ƙasar Meksiko ba tare da an rera ɗaya daga cikin waƙoƙin José Alfredo Jiménez ba.

Akasarin waƙoƙin nasa suna magana ne a kan yaudarar masoyi da rabuwa, da kuma baƙin cikin wanda aka juya wa baya.

An haife shi ne ranar 19 ga watan Janairun 1926 a garin Dolores Hidalgo da ke jihar Guanajuato, garin da aka soma gwagwarmayar neman 'yancin ƙasar daga Sifaniya a shekarar 1810.

Mahaifinsa mai kantin sayar da magunguna ne, kuma iyalin suna zaune cikin rufin asiri har zuwa shekarar 1936, lokacin da mahaifin ya rasu.

A lokacin José Alfredo yana da shekara 10 a duniya.

Maraici

Bayan rasuwar, iyalin sun koma babban birnin ƙasar, inda mahaifiyarsa ta buɗe ɗan ƙaramin shago domin ta tsare 'ya'yanta daga wahala. Sai dai shagon bai ɗore ba.

Hakan ya tilasta wa yaron neman na kansa tun da ƙuruciya. Ya yi aikin kai wa baƙi abinci a wani gidan cin abinci mai suna La Sirena, ya kuma taɓa zama mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Marte.

Bai yi karatun kiɗa ba, kuma ba ya kaɗa kowane irin kayan kiɗa. Idan karin waƙa ya zo masa, sai ya yi shi da fito, makaɗa irin su Rubén Fuentes su tsara shi.

Ƙofa ta buɗe masa ne a shekarar 1950, lokacin da Andrés Huesca da ƙungiyarsa suka ɗauki waƙarsa mai suna Yo a faifai. Daga nan manyan mawaƙa kamar Jorge Negrete da Pedro Infante suka shiga rera waƙoƙinsa.

Kukan namiji

Ya shahara a salon ranchera, wato waƙar mutanen karkara, ya kuma tsara waƙoƙin corrido, waɗanda ke ba da labari daga farko har ƙarshe.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne sauƙin kalmominsa. A cikin al'ummar da ake ganin kuka ba na namiji ba ne, waƙoƙinsa sun bai wa maza damar bayyana a fili cewa an ci amanarsu, kuma abin ya yi musu ciwo.

Da dama daga cikin waƙoƙin daga rayuwarsa suka fito. Paloma Querida ya tsara ta ne domin Paloma Gálvez, wadda ya aura a 1952, suka haifi 'ya'ya biyu. Daga baya zaman nasu ya ƙi daɗi, suka rabu.

Ita kuwa Caminos de Guanajuato, ya yi ta ne bayan rasuwar ɗan'uwansa Ignacio a garin Salamanca.

Giya, wadda ya sha ambata a waƙoƙinsa a matsayin mafakar mai baƙin ciki, ita ce ta zama ajalinsa. Ya mutu sakamakon ciwon hanta ranar 23 ga watan Nuwamban 1973 a babban birnin ƙasar, yana da shekara 47.

An binne shi a Dolores Hidalgo, inda daga baya aka gina wata ƙatuwar malafa a kan kabarinsa. A shekarar 2008 aka mayar da gidan da aka haife shi gidan tarihi.