Rashidi Yekini: Ɗan Kaduna da Ya Raba Kan Masu Zaɓen Gwarzon Afirka

Tun kafin duniya ta san sunansa, ma'aikatan masaƙu na Kakuri ne suka fara ganin yadda Rashidi Yekini ke zura ƙwallo a raga. An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963, iyayensa kuma 'yan asalin garin Ira ne a Jihar Kwara ta yanzu. A wancan zamani kudancin Kogin Kaduna cike yake da masaƙu, kuma a ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta masaƙar UNTL ne Yekini ya fara wasa a farkon shekarun 1980.

Daga Kaduna ya koma Shooting Stars ta Ibadan, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 1984, amma Zamalek ta Masar ta doke ta. Ya yi wa Abiola Babes ta Abeokuta wasa, sannan Africa Sports ta Abidjan, kafin a 1990 ya tsallaka Fotugal, inda ya shiga Vitória de Setúbal. A kakar 1992 zuwa 1993 ya ci ƙwallaye 34 a rukuni na biyu, ƙungiyarsa ta haura zuwa rukunin farko. A kakar da ta biyo baya ya ci 21, ya fi kowa a babbar gasar ƙasar.

Shekarar 1993 ce ta sanya sunansa a tsakiyar wata muhawara da har yau ba ta ƙare ba. A lokacin akwai kyaututtuka biyu na gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Mujallar France Football ta Faransa ta fara bayar da tata tun 1970, bisa ƙuri'un 'yan jarida, ita kuma Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta ƙirƙiro tata a 1992. A shekarar farko ba a samu saɓani ba, duka biyun suka zaɓi Abedi Pele na Gana. A 1993 kuwa kai ya rabu: mujallar ta sake ba Abedi, CAF ta ba Yekini, wanda ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya karɓi wannan lambar girma.

Kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi. Abedi ya ɗauki kofin zakarun Turai tare da Marseille a watan Mayun 1993, kuma shi ne ya bugo kwanar da Basile Boli ya ci AC Milan da ka. Wanda ke auna ɗan wasa da girman kofi da ƙarfin abokan karawa zai ce babu abin da ya kai wannan, balle a kwatanta shi da ƙwallayen rukuni na biyu. Amma kofi na mutum goma sha ɗaya ne, kuma Marseille cike take da taurari. Yekini yana cikin ƙaramar ƙungiya wadda ta dogara da ƙafarsa, kuma ƙwallayensa na cikin abin da ya kai Nijeriya gasar cin kofin duniya karon farko, bayan kunnen doki da Aljeriya a Oktoban wannan shekara. Tambayar ita ce: shin ana saka wa mutum ne da abin da ƙungiyarsa ta samu, ko da abin da shi kansa ya yi?

Shekarar da ta biyo baya ta ƙarfafa masu goyon bayansa. A gasar cin kofin Afirka ta 1994 a Tunisiya ya ci ƙwallaye 5, ya fi kowa kamar yadda ya yi a 1992, Nijeriya kuma ta ɗauki kofin. Ranar 21 ga Yuni, a birnin Dalas na Amurka, ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a tarihin kofin duniya, a wasan da ta lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema. Hotonsa riƙe da ragar yana kuka ya zaga duniya. Duk da haka, kyautar CAF ta wannan shekara Emmanuel Amunike aka ba, mujallar Faransa kuma ta zaɓi George Weah. Daga nan mujallar ta daina bayar da tata, aka bar CAF ita kaɗai.

Bayan Amurka tauraronsa ya fara dusashewa. Ya ratsa ƙungiyoyi a Girka da Sifen da Suwizalan da Tunisiya da Saudiyya, ya halarci kofin duniya na 1998, sannan ya dawo gida ya yi wa Julius Berger da Gateway wasa. Ya bar wa Super Eagles tarihin ƙwallaye 37.

Ƙarshen rayuwarsa ya yi shi ne a Ibadan, nesa da idon jama'a, cikin kaɗaici da rashin lafiya. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka yi jana'izarsa a Ira. Yawancin masaƙun Kakuri da suka raine shi sun daɗe da rufewa, amma duk shekarar da aka zo zaɓen gwarzon Afirka, gardamar 1993 kan sake dawowa da sababbin sunaye. Allah Ya jiƙan Rashidi Yekini da rahama.